Minti Goma a Gaban Masu Jari: Abin da Ɗaliban Kalgo da Manoman Gwandu ke Bukata Kafin a Kunna Majigi

Ranar 17 ga Nuwamba, 2015, marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na bai wa manoman shinkafa da alkama lamuni. Daga ranar noman Jihar Kebbi ya shiga bakin manyan ofisoshi. A ƙarshen 2016 buhunan shinkafar LAKE, ta haɗin gwiwar Legas da Kebbi, suka shiga kasuwa. A 2017 aka buɗe katafariyar masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu, ga kuma ta Labana a Birnin Kebbi. Fadamun da a da ba a jin labarinsu sai a kasuwar ƙauye suka zama abin lissafi a Abuja da Legas.

Bayan shekara takwas al'amura suka sauya. Rashin biyan bashi ya yi wa shirin cikas a jihohi da dama, kuma daga ƙarshen 2023 sabon shugabancin Babban Bankin ya bayyana cewa zai janye hannu daga irin wannan rabon lamuni kai tsaye. Ma'anar haka a wurin manomi da ɗan kasuwa a fili take: zamanin rubuta suna a jerin ƙungiya a koma gida a jira taki da injin ban ruwa ya ja baya. Mai neman jari a yau, ko daga banki, ko daga gidauniya, ko daga masana'antar da za ta sayi amfanin gonarsa, dole ne ya tsaya gaban mutum huɗu ko biyar ya gamsar da su da bakinsa. Galibi minti goma za a ba shi, da farin bango, da majigi. Gidauniyar Tony Elumelu, wadda tun 2015 take bai wa matasan Afirka jarin dala 5,000 kowannensu, ba ta sakin kuɗin sai mutum ya yi horo, ya tsara kasuwancinsa a rubuce, ya kuma gabatar da shi an auna.

Garuruwa biyu da ke kusa da Birnin Kebbi sun isa su nuna yadda wannan yanayi ya same mu. A Kalgo, kudu da babban birnin, akwai Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da aka kafa a 2013, wadda mazauninta na dindindin ke kan hanyar Kalgo zuwa Bunza. Nan ake samun matasa masu laftof, masu iya haɗa shafukan majigi, waɗanda suke kira silaid, cikin dare ɗaya. A Gwandu kuwa, ta gabas, akwai manoma da 'yan kasuwar albasa da hatsi da za su faɗa maka farashin buhu na kowane wata a bara ba tare da sun duba takarda ba. Matasan suna da na'ura, amma sau da yawa ba su tace abin da za su faɗa ba. Manoman suna da abin faɗa, amma ba su saba da ɗakin da ake faɗarsa ba. Duka biyun abu ɗaya suke bukata su riƙe: hujja ce ke karɓo kuɗi, shafin majigi rakiya yake yi mata.

Abin da ke faruwa idan an rufe tagogi

Duk wanda ya taɓa zama a zauren da ɗaliban ajin ƙarshe ke kare kundinsu, a kowace babbar makaranta ta ƙasar nan, ya san yadda abin ke tafiya. An saki labule don hoto ya fito, fanka na kaɗa iska mai zafi, janareta na ruri a bayan gini. Ɗalibi ya fito cikin sabuwar shadda, ya soka filashinsa a kwamfuta, shafin farko ya bayyana da tambarin makaranta da haruffa kala uku. A shafi na biyu sai ga babin farko na kundin, an kwafo shi an liƙa yadda yake, layi ashirin da ɗoriya. Daga nan ɗalibin zai juya wa malamansa baya, ya fuskanci bango, ya shiga karatu. Yana layi na uku malaman sun riga sun kai ƙarshen shafin, domin ido ya fi baki sauri, sai su koma duba wayoyinsu. Yana shafi na goma sha biyu shugaban zama zai ce saura minti biyu, alhali sakamakon binciken, wanda dominsa aka taru, yana can shafi na talatin. Sai a ga shafuka na wucewa a guje. Aikin wata shida ya ƙare ba wanda ya ji abin da aka gano.

Ba ɗalibin kaɗai ke da laifi ba. Kusan shekara ashirin ke nan da aka wajabta darasin sana'a da kasuwanci a jami'o'in Najeriya, ana koyar da rubuta tsarin kasuwanci, amma tsayuwa gaban jama'a a kare shi galibi an bar kowa ya kwaikwayi na gaba da shi, shi ma na gaban kwaikwayo ya yi. Wannan ɗalibin ne gobe zai zauna gaban manajan banki, ko ya raka ƙungiyar manoman garinsu a matsayin sakatare tunda shi ne ɗan boko. A makaranta maki yake rasawa. A can kuwa jarin mutum hamsin ne zai suɓuce.

Darasin da ke Gwandu tun tuni

Gwanintar da ake nema ba baƙuwa ba ce a wannan ƙasa. A Gwandu kabarin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo yake, ƙanen Shehu Usmanu, wanda aka damƙa wa yammacin daula a 1812. Cikin ɗimbin littattafansa akwai babban tafsirinsa, Diya'ut Ta'awili, wanda ya tattaro ƙira'o'i da saɓanin mazhabobi da zurfin nahawu da balaga. Bayan 'yan shekaru da kammala shi, ganin ya yi wa masu tasowa nauyi, sai ya sake zama ya rubuta wani tafsirin, Kifayatu Du'afa'is Sudan. A wannan karon ya tsaya kan ruwayar Warshu da mutanen ƙasar ke karatu da ita, da mazhabar Malikiyya da suke bi, ya ajiye sauran. Ilimin na nan a ƙirjinsa bai ragu ba. Mai karatu ya duba, ya zaɓar masa abin da zai amfane shi.

Tushen gabatar da jawabi ke nan. Mai jawabi ya san abu ɗari, mai sauraro biyar yake bukata. Gwaninta ita ce gane waɗanne biyar ne, da samun ƙarfin zuciyar riƙe sauran har sai an tambaya. Malaman jihadi da Larabci suka rubuta manyan littattafansu, amma da Hausa da Fulfulde suka yi wa talakawa wa'azi, suka kuma mayar da darussa waƙe domin a iya haddacewa. Nana Asma'u ta bi wannan hanya har ilimi ya isa ga matan karkara ta hannun 'yan taru. Aikinsu ya nuna tambayoyin da suke farawa da su: wa ke gabana, me ya riga ya sani, me nake so ya tashi da shi?

Shi kansa majigi tsohon abu ne a Arewa. Tun zamanin Turawa motocinsa suka riƙa zagaya garuruwa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada bayan magariba, a nuna fim kan tsafta ko noman gyaɗa da auduga, ma'aikaci na tsaye da lasifika yana bayani da Hausa. Hoto na kan ƙyalle, bayani na bakin mutum. Wannan rabon aiki shi ne daidai, kuma shi muka rusa ranar da muka fara lafta wa bango rubutu.

Shafin da ya binne gargaɗi

Manhajar PowerPoint ta fito a 1987. Robert Gaskins da Dennis Austin ne suka ƙirƙire ta a wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought a Amurka, kuma a shekarar Microsoft ya saye kamfanin kan dala miliyan 14. Kafin wani lokaci ta mamaye ofisoshi da azuzuwan duniya. A 2003 ne aka ga iyakar ɓarnar da mummunan shafi zai iya taimakawa a yi.

Ranar 16 ga Janairun shekarar, kumbon Columbia ya tashi daga Amurka. Daƙiƙa tamanin da 'yan kai da tashinsa, wani ɓallin soson da ya lulluɓe tankin mai ya ɓalle ya daki fiffikensa na hagu. Kumbon na can sama injiniyoyi suka shirya wa shugabannin hukumar NASA bayani a shafukan majigi kan ko dukan na da haɗari. Kanun wani muhimmin shafi kwantar da hankali yake yi. Can ƙasa, da ƙananan haruffa, aka rubuta alƙaluman da ke nuna cewa ɓallin da ya daki kumbon ya ninka wanda aka taɓa gwaji da shi sau ɗaruruwa, wato gwajin da ake dogaro da shi bai kai ga wannan yanayi ba. Ranar 1 ga Fabrairu kumbon ya tarwatse a hanyarsa ta dawowa, mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Edward Tufte, malami a Jami'ar Yale, ya warware wannan shafi layi-layi, kuma kwamitin binciken haɗarin ya shigar da nazarinsa cikin rahotonsa, ya soki al'adar maye gurbin cikakken rahoton fasaha da shafukan majigi. Soson ne ya fasa fiffike, amma shafin ya tura maganar da ta kamata ta zo farko zuwa inda ido ba ya kaiwa.

A 2004 Jeff Bezos ya hana amfani da PowerPoint a tarukan manyan shugabannin Amazon. Mai kawo shawara zai rubuto ta cikin cikakkun jimloli, kada ta wuce shafi shida, kowa ya karanta shiru a farkon zama, sannan a buɗe muhawara. Dalili shi ne gutsattsarin kalmomi na iya rufa wa tunanin da bai nuna ba asiri, cikakkiyar jimla kuwa tona shi take yi. Masu nazarin yadda ɗan Adam ke koyo ma sun zo da abin da ya dace da haka. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Barbara ya shafe shekaru yana gwaje-gwaje, ya nuna cewa mutane sun fi ganewa idan an nuna musu hoto ana bayani da baki, a kan idan an ƙara musu da rubutun abin da bakin ke faɗa. Ido na rabuwa tsakanin hoto da rubutu, kunne na bin murya, hankali na faman daidaita su, sai fahimta ta ragu. Guy Kawasaki, tsohon ma'aikacin Apple da ya koma zuba jari a sababbin kamfanoni, ya taƙaita wa masu neman kuɗi abin cikin lambobi uku: shafi 10, minti 20, girman haruffa kada ya gaza 30.

A ce albasa ce ake neman wa jari

Mu dawo gida. A ƙasar Gwandu da maƙwabciyarta Aliero kowa ya san yadda shekarar albasa take. Lokacin cira, wajen Maris da Afrilu, kasuwa na cika, farashi ya faɗi. Daga ƙarshen damina zuwa shigowar hunturu ta yi ƙaranci, farashi ya tashi. Wanda ya iya ajiya shi ke cin riba. Abin da ke karya manomi shi ne ruɓewa: a cikin rudu, ma'ajiyar kara da ciyawa da aka gada, zafi da laimar damina na cinye kaso mai tsoka kafin lokacin sayarwa. A ce wata ƙungiyar manoma na neman rancen gina ma'ajiya mai shan iska, an ba ta minti goma.

Yadda aka saba, shafin farko tarihin ƙungiya, na biyu sunayen shugabanni da hotunansu, na uku manufofi, na huɗu taswirar Jihar Kebbi. Kafin a zo kan kuɗi rabin lokaci ya tafi. Mai ba da rance kuwa tun da ya zauna tambaya huɗu ce a ransa: nawa kuke so, me za ku yi da su, ta yaya za su dawo, idan abu ya ɓaci wa zai ɗauki asara? Jawabin da ya amsa waɗannan a jere ya gama aikinsa.

Dillalin albasa ba ya fara ciniki da tarihin gona. Kwance bakin buhu yake yi, ya tura hannu can ƙasa inda mai saye ke zargin an ɓoye ƙanana, ya ciro guda, ya murza ɓawonta a ji ƙarar bushewa, ya matsa wuyanta a ga ba ruwa, ya miƙa wa mai saye ya jujjuya da hannunsa, sannan ya faɗi kuɗi. Yana farawa da hujja, yana ɗauko ta daga inda ake shakka, yana sa ta a hannun mai yanke hukunci. Haka ya kamata shafukan ƙungiyar su jeru.

Shafin farko jimla ɗaya ce: adadin kuɗin da ake nema, abin da za a gina, da lokacin da za a gama biya. Na biyu hoton rudun ƙungiyar ne da aka ɗauka da waya a tsakiyar damina, ana tsince ruɓaɓɓiya ana warewa gefe, gani ya kori ji. Kanun da ke samansa kada ya zama kalma ɗaya irin "Matsaloli". Ya zama magana cikakkiya: cikin buhu kaza da muka ajiye bara, kaza ne suka ruɓe, da ainihin lambar da ke cikin littafin ƙungiya. Na uku zanen layi ne na farashin buhu wata-wata na shekara guda, an sa alama a watan cira da watan sayarwa, domin tazarar da ke tsakaninsu ita ce dukan kasuwancin. Na huɗu ma'ajiyar ce: zanenta, buhu nawa za ta ci, nawa za ta lashe, wa zai gina. Na biyar lissafi ne cikin layi biyar, daga kuɗin shiga zuwa ribar da za ta rage bayan an fitar da kuɗin ruwa da na dako da na leburori. Na shida jadawalin biya ne, an ɗaura shi a kan watannin da kuɗi ke shigowa.

Shafi na bakwai shi ne wanda aka fi tsallakewa, kuma shi ya fi jawo amana: abin da zai iya ɓaci. Mutumin Kebbi bai manta ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafa ba. Bai manta rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 ba, balle rufe iyakar Nijar a 2023, kuma jihar da ta yi iyaka da Nijar da Benin ita ke fara jin raɗaɗin irin wannan. Mai ba da rance ya san duk waɗannan. Idan ƙungiya ta ambace su da kanta, ta faɗi tanadin da ta yi wa kowanne, ta nuna cewa ta yi tunani kafin ta zo. Na takwas mutane ne: wa ke riƙe mabuɗi, wa ke riƙe littafi, su wa ke sa hannu kafin kuɗi su fita. Daga nan a maimaita buƙatar, a yi shiru, a jira tambaya. Tarihin ƙungiya da takardun rajista su tafi cikin takardar da za a bar wa kwamiti.

Ƙa'idojin tsara shafi

Kafin a buɗe kwamfuta a fara da biro da takarda. Mutum ya rubuta abin da yake so a yarda da shi cikin jimla ɗaya. Idan jimlar ta ƙi fitowa, shiri bai kammala ba, kuma babu launi ko hoton da zai rufe wannan giɓi. Bayan haka kowane shafi ya ɗauki magana ɗaya tak. Gwaji mai sauƙi shi ne a karanta kanun shafukan kaɗai daga farko zuwa ƙarshe. Idan sun ba da labarin a jere, tsari ya yi.

Girman haruffa kuma na baya ne ke yanke hukuncinsa. A haska shafin, a je ƙarshen ɗaki a tsaya. Abin da bai karantu daga can ba, ko a ƙara masa girma ko a cire shi. Zaurukanmu haske ya yi musu yawa, majigin kuma sau da yawa fitilarsa ta tsufa, saboda haka baƙin rubutu a kan fari ya fi kowane ado fitowa. Launi biyu sun isa, na uku a ajiye shi don lambar da ake so ido ya faɗa kanta. Kada a dogara da ja da kore kaɗai wajen bambance abu biyu, domin akwai mutanen da idonsu ba ya rarrabe su. Haruffa masu tsalle da shafuka masu juyi ba sa ƙara wa hujja nauyi, lokaci suke ci.

Jadawali mai layi talatin wurinsa takarda. A bango a fito da lamba ɗaya ko biyu da suka fi muhimmanci, a rubuta inda aka samo su. Hoton gonar mutum ko shagonsa, ko da wayar da aka ɗauka da ita ba mai tsada ba ce, ya fi hoton baƙi sanye da kwat da aka sauko da shi daga intanet, domin kwamiti kasuwancinka ya zo gani. Mai rubutu da Hausa kuma ya kula da haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ: sukan rikiɗe su koma akwatuna idan an buɗe aikin a wata kwamfutar. Maganin abin shi ne a adana kwafi a tsarin PDF, a sa a filashi, a tura wa kai ta WhatsApp, a kuma buga a takarda.

Tsayuwa gaban mutane

Gaisuwa wajibi ce a wurinmu, wanda ya tsallake ta ya ɓata rawarsa tun kafin ya fara. Amma minti goma ba za su ɗauki jero sarautu da muƙaman kowa ɗaya bayan ɗaya ba. Sallama, a ce wa shugaban zama ranka ya daɗe ko ranki ya daɗe, a haɗa sauran manya cikin jimla ɗaya ta girmamawa, a shiga magana. Manyan da aka girmama lokacinsu sun san an girmama su.

Akwai kuma batun ido. An tarbiyyantar da mu kada yaro ya ƙura wa babba ido, tarbiyya ce mai kyau. Sai dai sunkuyar da kai har a gama jawabi, ko magana da bango, yakan sa mai sauraro ya ɗauka mutum bai yarda da abin da yake faɗa ba. Ana iya fuskantar mutane cikin ladabi, a ɗaga kai a dubi wannan ɓangare, a dubi wancan, murya ta kai ƙarshen ɗaki. Wannan ya fi shafar mata. Matan da ke turara shinkafa suna sayarwa, da masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da masu riƙe asusun adashi, sukan fi kowa sanin lissafin sana'arsu, amma idan an zo gaban kwamiti sai a tura namiji ya yi magana a madadinsu. Da an yi tambaya ta biyu sai ya juyo yana neman amsa. Mai sana'a ita ta fi cancanta ta yi bayaninta, ɗanta ko ƙanenta ya riƙe kwamfuta.

Harshe ma zaɓi ne da ake yi saboda mai sauraro. Idan 'yan kwamiti na jin Hausa, babu dalilin da zai sa manomi ya daddage da Turancin da zai ɗaure masa harshe. A nemi izini a yi da Hausa, lambobi na kan bango kowa na gani. Idan kuma 'yan ƙungiya za a yi wa bayani, a tuna cewa da yawa daga cikin dattawa ajami suke karantawa, saboda haka hoto da lamba da bayanin baki sun fi isa gare su.

Sai wuta. Duk mai shirya jawabi a yankin nan ya ɗauka cewa za a iya ɗauke ta a tsakiyar magana, ko kebur ya ƙi shiga, ko majigi ya yi zafi ya mutu, musamman a bazara da zafi ke haura digiri 40. Gwajin shiri shi ne mutum ya iya gabatar da jawabinsa gaba ɗaya ba na'ura, da takarda guda a hannunsa da kwafi a hannun kowane ɗan kwamiti. Wannan ba ya samuwa sai da bita: a tsaye, da murya sama, da agogo, a gaban wanda ba zai ji nauyin cewa bai gane ba. Idan an ba ka minti goma, shirya na takwas.

Lokacin tambayoyi ne ake gane mai kaya. A saurari tambaya har ƙarshe, a amsa abin da aka tambaya, a tsaya. Idan ba a san amsa ba a ce ba a sani ba, za a bincika a kawo ranar kaza, a kuma kawo. Ƙara wa lamba gishiri don a burge kwamiti kuwa haɗari ne biyu: ramin ƙarya ƙurarre ne a gaban wanda aikinsa ke nan duba lissafi, idan ma ta wuce, bashin da aka karɓa a kan ribar da babu ita sai an biya shi da gona ko da mutunci.

Aikin da ke jiran makarantu da ƙungiyoyi

Gyaran ba ya bukatar kasafin kuɗi mai yawa. Jami'ar da ke Kalgo, da ta kimiyya da fasaha da ke Aliero, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru a Birnin Kebbi, duk suna koyar da darasin kasuwanci. Za su iya sa kowane ɗalibi ya tsaya sau da dama kafin ajin ƙarshe, minti biyar, shafi biyar, a ba shi maki kan ko an gane shi. Za su iya ƙayyade yawan shafuka a ranar kare kundi, su ce a fara da sakamako. Mafi amfani duka shi ne a haɗa ɗalibi da ƙungiya ta gaske: ya je Gwandu ko Kambaza ko Diggi ya zauna da manoma da masu sana'a, ya taimaka musu su mayar da abin da ke kansu zuwa shafi takwas. Shi zai koyi yadda kasuwanci ke numfashi a wajen littafi, su kuma za su sami wanda ya san na'ura.

Ƙungiyoyin su ma akwai nasu aikin, kuma ba na ranar jawabi ba ne. Shafi na biyu da na uku na misalin albasar nan ba za su yiwu ba sai da littafin da aka riƙa rubutawa tun lokacin cira: buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, nawa aka zubar, nawa aka sayar a wane wata. Ƙungiyar da ke da niyyar neman jari baɗi, yau ya kamata ta sayi littafin nan, ta naɗa mai riƙe shi, ta riƙa karanta shi a bainar 'yan ƙungiya duk ƙarshen wata. Jarin da ke yawo a ƙasar nan kaɗan ne, masu nemansa na da yawa, kuma zai tafi ne wurin waɗanda suka iya nuna gaskiyar lissafinsu a taƙaice. Mutanen Gwandu da Kalgo suna da amfanin gona, suna da matasa masu ilimi, suna da gadon malanta. Bai kamata a ce rashin iya bayanin minti goma ne zai hana su rabonsu ba.